Abin da Malam Barau Ke Gani

Da asuba aka kawo shi daga Kwangila,
Nomau mai rake, mota ta kwashe shi har da baro.
Muƙamuƙi ya rabe gida biyu,
jini ya bushe a gemu kamar lalle.
Likitan ƙashi ya ce yau bakin nasa ne,
zai ɗaure haƙora da waya, sama da ƙasa,
mu masu sa barci mu nemi wata ƙofa.
Sai hanci.

Shekara talatin Malam Barau na wannan aiki a Shika.
Ƙarfensa lanƙwasasshe ne kamar lauje,
da ɗan ƙwai a baki mai hasken aci-balbal.
Yakan sunkuya, ya kanne ido ɗaya,
ya ɗage harshe, ya leƙa rijiyar maƙogwaro
shi kaɗai.
Mu na baya ƙeyarsa muke karantawa.
In ya ce, “Na gani,” mu ce to.
Shekara biyu ina cewa to
ban san abin da nake amsawa ba.

Bara sabuwar ta iso a kwali,
ido a bakin ƙarfe kamar ƙwayar dawa,
da allo bai fi tafin hannu ba.
Malam ya raɗa mata talabijin.
“Wanda ya saba da ita,” in ji shi,
“ran da batir ya mutu, hannunsa ma ya mutu.”

Yau bakin Nomau da ƙyar yatsa biyu ke shiga.
Malam ya gwada, ya yi shiru,
ya ce, “Ladidi, ɗauko talabijin ɗinki.”

Na tsoma bututu a ruwan ɗumi ya yi laushi,
na ɗiga magani a hancin dama,
na tura sannu, ina bin ƙasa,
don sama nan haɓo yake kwana.
Na zura ƙarfe ta ɗan abin da baki ya bari.
Allo ya yi ja, ya yi hazo, sannan ya washe:
ga igiyoyin murya, farare biyu,
ƙofar zaure da aka manta a buɗe.
Na gani. Kande mai miƙa kaya ta gani.
Malam ya matso, yana gyara tabarau.

Amma gani ba ci ba.
Bututu ya sulale ƙasa yana neman hanyar tuwo.
Na janye, na sake. Ya sake.
Kukan na'ura ya fara yin kauri,
casa'in da biyar,
casa'in da biyu,
gumi na bin bayana cikin koren riga.
Na jira ya ture ni ya karɓa, kamar kullum.

Bai karɓa ba.
Ya sa yatsa a kan allo.
“Kin ga kansa ya sunkuya? Hura masa iska kaɗan.
Yauwa, ya ɗago.
Murɗa hagu, kamar mai buɗe kwaɗo.
Sace iskar. Tura.”

Ya shige.
Ƙirji ya tashi, dama da hagu,
na'ura ta koma siririyar muryarta.
Kande ta saki numfashin da ba ta san ta riƙe ba.

Da hantsi na same shi a bakin famfo
yana wanke tsohon ƙarfen da ba a yi aiki da shi ba.
Bai dube ni ba ya ce,
“Shekara talatin ina faɗa wa yara abin da nake gani.
Sai yau na ga inda suke ɓata.”
Ya sauya batir, ya kunna, ya kashe,
ya miƙo min ta mariƙi.
“Gobe akwai mai ƙaba, bakinsa lafiya lau.
Da wannan za ki yi.
Asibitin da za a tura ki, babu talabijin.”

A baranda ƙanin Nomau ya tare ni,
takalminsa ɗaya a hannu.
Na ce yana numfashi.
Ya ce, to, rake fa, yaushe zai iya sha?